Tambaya da Amsa: Likita, Mai Lissafi da Mai Kwamfuta a Tebur Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aji biyar a karatun likita. Malaminmu na cututtukan jijiya ya haɗa mu da ɗaliban lissafi da na kwamfuta, ya ce mu kwaikwayi aikin ƙwayar jijiya a kwamfuta. Mu biyar ne, mako shida aka ba mu, ni kuwa ban taɓa rubuta manhaja ba. Ta ina za mu kamo bakin zaren? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Ku fara da tambaya ƙarama, kuma ke za ki kawo ta, tunda ke kike ganin marasa lafiya. Ga misali: me ya sa carbamazepine ke kwantar da farfaɗiya ba tare da ya kashe aikin jijiya gaba ɗaya ba? Wannan ta ishe ku mako shida.

A makon farko kowa ya rubuta mafi sauƙin lissafin da hannunsa a Python, wato yaren rubuta manhaja, har da ke. Shi ne wanda ke ɗaukar ƙwayar jijiya tamkar tulu mai yoyo: wuta na shiga, wata na tsiyayewa, in ta kai wani mizani sai ƙwayar ta buga, wato ta aika saƙon lantarki, ta koma farko. Ku sa hutunta a milibolt -65, mizanin bugu a -50. Layi ashirin ya gama shi. Google Colab, shafin intanet da ake rubuta Python a kai, ya wadatar, ba sai kun girka komai ba, sai dai ku riƙa adana aiki saboda ɗaukewar wuta.

Daga mako na biyu ku koma lissafin da masana Hodgkin da Huxley suka wallafa a 1952, wanda ya kai su ga kyautar Nobel a 1963. Shi yana da ƙofofin sodiyam da na fotasiyam, wato hanyoyin da waɗannan sinadarai ke bi su shiga ƙwayar ko su fita, ƙarfinsu 120 da 36, yoyon kuma 0.3. A nan rukuni kan yi tuntuɓe. In tazarar lokacin lissafi, wato tsawon kowane taki da kwamfuta ke ɗauka, ta kai milisakan 0.1, lambobi kan haukace su tafi sama ba iyaka, don ƙofar sodiyam ta fi tazarar sauri. Ku rage zuwa 0.01. Sannan takardar asali ta ɗauki hutun ƙwayar a matsayin sifili, littattafan yanzu kuwa -65 suke sawa. Wanda ya kwafo rabi nan rabi can ba zai ga bugu ko ɗaya ba. Haka zafi: an auna lambobin ne a jijiyar wata halittar teku, sikwid, a digiri 6.3. Ka ɗaga zuwa 37 na jikin mutum ba tare da gyara sauran ba, ƙofofin su yi saurin kusan ninki 30, bugun ya ƙanƙance.

Ranarki tana zuwa ne wajen maganin. Mai kwamfuta zai so ya rage 120 ɗin kawai ya ce ya sa magani. Ke ce za ki ce a'a: maganin yana kama ƙofar sodiyam ne bayan ta rufe, ya jinkirta dawowarta, shi ya sa ya fi danne ƙwayar da ke bugu babu ƙaƙƙautawa. Abin da za a taɓa ke nan, saurin farfaɗowar ƙofar.

Kada ku raba aiki kowa ya shige ɗakinsa. Ku zauna biyu-biyu a kwamfuta ɗaya, marar ƙwarewa ya riƙe madannai, gwani ya yi bayani. Kowace lamba a rubuta ma'auninta da inda aka samo ta a takarda guda.

Tambaya: Malam, ina mutum zai sami irin wannan horo? Daga wani injiniya a Maraɗi.

Amsa: Neuromatch Academy, da aka fara a 2020, tana koyarwa ta intanet tsawon mako uku cikin ƙananan rukunoni, darussanta kuma a buɗe suke kyauta. Akwai makarantar Imbizo a Afirka ta Kudu, sannan cibiyar BioRTC da ke Damaturu ta shirya irin wannan kwas. Kafin ka nema, ka ɗan gogu da Python da lissafin sauyi, wato calculus.