Ina lambar wayar ta shiga? Tambayoyi kan Mule 4

Tambaya: Malam, ina haɗa manhajar wani shagon sari a babbar kasuwar Maradi da na'urar tura saƙon tes, ina aiki da Anypoint Studio, wurin da ake gina aikin Mule 4, manhajar da ke haɗa manhajoji su riƙa musayar saƙo. Oda tana shigowa da suna, lambar waya da kuɗi. Da zarar na kira HTTP Request, mai aika tambaya ga wata manhaja, don in duba ko akwai kayan a sito, in na nemi payload.waya sai in ga null, wato ba komai. Daga wani ɗalibi, unguwar Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, danne lambar aka yi. A Mule 4 abu uku ke tafiya tare: payload, wato ainihin kayan saƙon, attributes, bayanan da suka rako shi, sai vars, inda kake ajiyar kanka. Duk kiran da ya dawo da amsa, HTTP Request ne ko Select na rumbun bayanai, sauke payload da attributes yake yi ya ɗora nasa. Amalanke ce mai cin buhu ɗaya. Vars kaɗai ke tsira.

Gyara iri biyu ne. Ka sa Set Variable kafin kiran, a Name ka rubuta oda, a Value ka sa #[payload]. Daga nan lambar tana vars.oda.waya har ƙarshen aikin. Amma ni na fi son na biyu: buɗe Advanced na HTTP Request ɗin, a Target Variable ka rubuta sito. Amsar za ta zauna a vars.sito, odarka kuma ba wanda ya taɓa ta.

Ka kula in za ka manna lambar ƙasa, "+227" ++ payload.waya. In oda ta zo ba lamba, DataWeave, harshen da ake rubuta irin wannan umarni da shi a Mule 4, ba ya haɗa rubutu da null, nan take aikin zai tsaya. Wasu suna toshe ramin da default "", sai a yi ta tura tes zuwa +227 tsura. Gara ka tare odar da Choice, mai raba wa saƙo hanya bisa sharaɗi, tun daga ƙofa.

Tambaya: Na rubuta vars.oda.waya a Set Payload, shi kuma ya maido mini da rubutun nan yadda yake.

Amsa: Ba ka danna fx ba, maɓallin da ke gefen wurin rubutun, mai sa abin da ka rubuta cikin #[ ]. Abin da ba ya cikin #[ ] rubutu ne kawai a wurin Mule. In kana gauraya JSON da abin da ya fito daga rumbun bayanai, fara da output application/json --- don kada ya rasa siffar da zai fitar.

Tambaya: Me ya sa vars ɗina suke bi na wani lokaci, wani lokaci su yi ɓatan dabo?

Amsa: Ya danganta da hanyar da ka bi. Flow Reference, mai kiran wani flow (jerin matakan aiki) a cikin manhajar, yana tafiya da su ya dawo da su. In ta HTTP ka kira ɗaya flow ɗin, ko da cikin manhaja ɗaya ne, sabon saƙo ne ya fara, sai ka cusa abin da kake so a header ko a jikin saƙon. Kada ka nemi sessionVars da ake gani a tsoffin darussa, da Mule 3 suka tafi.

Wajen tara kuɗin oda, For Each, mai bin jeri ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe vars daga zagaye zuwa zagaye, don haka jimlar da ka ajiye a Set Variable da #[(vars.jimla default 0) + payload.kudi] za ta fito daidai, payload kuma ya koma yadda ya shiga. Parallel For Each, mai bin su duka lokaci guda, ba ya fito da abin da ka ajiye a ciki. Da shi, sai ka tara jimlar daga jerin amsoshin da ya maido.