Tambaya da Amsa: Gwajin Farkon Ciki Ya Nuna "1 Cikin 120", Me Ake Nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 37, kuma ina ɗauke da ciki na huɗu. A mako na 12 an yi mini sikanin, an kuma ɗebi jinina, bayan 'yan kwanaki aka kira ni aka ce sakamakon ya nuna "1 cikin 120" na lalurar Down, wai ina cikin rukunin masu haɗari. An ce in zaɓi ɗaya, ko wani gwajin jini mai suna NIPT, ko wanda ake soka allura a ciki. Tun daga ranar ban yi barcin kirki ba. Shin an tabbatar ke nan abin da ke cikina yana da lalurar? Daga wata uwa mai 'ya'ya uku.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba a tabbatar da komai ba, domin gwajin da aka yi miki ba shi da ikon tabbatarwa tun asali. Abin da lambar take faɗa shi ne, in aka tara mata 120 waɗanda sakamakonsu ya fito daidai da naki, ɗaya ce kawai daga cikinsu take ɗauke da jariri mai lalurar, sauran 119 kuwa 'ya'yansu ba su da ita. An sa ki a rukunin "masu haɗari" ne saboda masu tsara gwajin dole su ja layi a wani wuri. A Ingila, alal misali, layin yana kan 1 cikin 150, duk wadda lambarta ta kai nan ko ta fi haka kusa sai a yi mata tayin ƙarin bincike. A ganina kalmar "haɗari" ta yi wa wannan lamba nauyi, ita ce kuma ke hana mata da yawa barci ba tare da dalili mai ƙarfi ba.

Bari in koma baya kaɗan. Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana ɗauke da wasu zarurruka 46 da ake kira kuromosom, a jere bibbiyu, rabi daga uwa rabi daga uba, kuma a kansu ne aka rubuta umarnin gina jiki. An daɗe ana koyarwa cewa 48 ne, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga daidai a ƙasar Suwidin. Shekara uku bayan haka, a 1959, Jérôme Lejeune da Marthe Gautier da Raymond Turpin a Faransa suka nuna cewa yaran da ke da lalurar da John Langdon Down ya siffanta tun 1866 suna da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu. Mutane kan cusa ta cikin abin da suke kira galahanga, amma wannan kalma tana haɗa lalurori da dama da ba su da alaƙa da juna, shi ya sa na fi son a kira ta da sunanta. Akwai wasu biyu da ake nema tare da ita, wato ƙarin kuromosom na 18, lalurar Edwards, da ƙarin na 13, lalurar Patau, waɗanda aka gano a 1960. Sun fi Down tsanani nesa ba kusa ba, kuma kaɗan ne daga jariran da aka haifa da su suke wuce shekara ɗaya.

Gwajin da aka yi miki haɗi ne na abubuwa uku. Na farko shekarunki, domin yiwuwar lalurar Down tana ƙaruwa da shekarun uwa: kusan 1 cikin 1,250 ga mai shekara 25, kusan 1 cikin 350 ga mai 35, kusan 1 cikin 100 ga mai 40. Na biyu sinadarai biyu da mabiyiya ke zubawa a jinin uwa, waɗanda ɗayansu kan yi ƙasa ɗayan kuma ya yi sama idan akwai lalurar. Na uku shi ne awon ƙeya, wanda Kypros Nicolaides da abokan aikinsa a Landan suka fito da shi a farkon shekarun 1990. Wataƙila kin lura mai sikanin ya daɗe yana neman ɗan tayin ya kwanta a gefe, har ma ya ce ki yi tari ko ki ɗan taka ki dawo. Abin da yake nema wani siririn baƙin layi ne a bayan wuya, wato ruwan da ke ƙarƙashin fata, wanda yake aunawa da ɓangaren milimita, a jikin da tsawonsa bai wuce milimita 45 zuwa 84 ba. Daga mako na 11 zuwa ƙarshen mako na 13 kaɗai ake iya wannan awo, bayan nan ruwan yakan janye. Kwamfuta ce ke haɗa ukun ta fitar da lamba. Wannan hanya tana kama kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na masu lalurar Down, amma kuma tana tayar da hankalin kusan mace 1 cikin kowace 20 da aka gwada, alhali mafi yawansu babu abin da ya sami 'ya'yansu.

NIPT ya fi wannan kaifi sosai. Tushensa binciken Dennis Lo ne, wanda a 1997 ya nuna cewa akwai gutsattsarin DNA na abin da ke ciki, wato sinadarin da aka gina kuromosom da shi, suna yawo a jinin uwa, kuma an fara amfani da shi a asibitoci a 2011. Ana iya yin sa daga mako na 10, jini kawai ake ɗiba a hannu, ba ya taɓa cikin ko kaɗan, kuma yana gano fiye da kashi 99 cikin 100 na masu lalurar Down. Idan ya fito da cewa yiwuwar ƙanƙanuwa ce, za ki iya kwantar da hankalinki ƙwarai game da waɗannan lalurori uku.

Sai dai a nan ne mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, suke tuntuɓe. Jin "kashi 99" yakan sa a ɗauka cewa duk wadda NIPT ya ce akwai matsala, to akwai ta. Mu yi lissafi da lambobi masu sauƙi domin misali kawai. Mu ɗauki mata 10,000 matasa, waɗanda a cikinsu 10 ne ke ɗauke da mai lalurar, mu kuma ce gwajin yana yin ƙararrawar ƙarya sau 1 cikin 1,000. Zai kama kusan dukan goman nan, amma zai haɗa da wasu 10 da lafiyar 'ya'yansu ƙalau. Ke nan cikin mata 20 da aka kira aka gaya musu mummunan labari, rabi ba su da abin da ake tsoro. In kuwa matan 'yan shekara 40 ne, inda masu lalurar suka kai 100, ƙararrawar ƙarya tana nan a 10 ɗinta, sai ya zama gwajin ya yi gaskiya kusan sau 9 cikin 10. Gwaji ɗaya ne, amma nauyin maganarsa ya danganta da wadda aka yi wa.

Dalilin kuskuren kuwa shi ne gutsattsarin nan daga mabiyiya suke fitowa, ba daga jikin ɗan tayin kai tsaye ba, kuma wani lokaci mabiyiya takan ɗauki ƙwayoyi masu ƙarin kuromosom alhali jaririn lafiyarsa lau. Haka nan idan cikin ya fara a tagwaye ɗaya ya lalace da wuri, ragowar DNA ɗinsa kan rikita sakamako. Wasu kamfanoni suna ƙara jerin lalurori da ba safai ake samun su ba a cikin gwajin, kuma a nan ƙararrawar ƙarya ta fi yawa, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kai a watan Afrilun 2022. Ni dai ba na ba da shawarar a karɓi wannan ƙari sai da wani dalili na musamman.

Tabbaci yana wajen gwaje-gwajen allura guda biyu. Ɗaya ana ɗauko ɗan tsokaci daga mabiyiya tsakanin mako na 11 da na 14. Ɗayan kuma daga mako na 15 ake yin sa: likita yana kallon allon sikanin, ya bi da siririyar allura ta fatar ciki zuwa wani lungu da jaririn ba ya wurin, ya zuƙo ruwan faya kimanin mililita 15 zuwa 20, mai launin rawaya-rawaya. Aikin ba ya wuce 'yan mintuna, mata da yawa suna kwatanta shi da murɗar mara irin ta al'ada, kuma jiki yana mayar da ruwan da kansa. Sakamakon gaggawa na lalurorin nan uku kan fito cikin kwana uku ko makamancin haka, cikakken kuma mako biyu zuwa uku. Ƙarin haɗarin ɓari bai kai 1 cikin 200 ba a hannun ƙwararre, kuma kina da haƙƙin tambayar wanda zai yi miki sau nawa yake yin aikin a shekara. Idan jininki na rukunin da ake kira nagetif ne, ki tuna musu da allurar kariya bayan an gama.

Da lamba irin taki, idan awon ƙeyar bai kai milimita 3.5 ba, hanyar da ta fi dacewa ga yawancin mata ita ce NIPT tukuna, in ya nuna matsala sannan a je ga allura. Idan kuwa ya kai ko ya wuce, zai fi kyau a tafi gwajin tabbatarwa kai tsaye, a kuma duba zuciyar jaririn da kyau daga baya, domin kaurin ƙeya yakan zo tare da wasu matsalolin da NIPT ba ya gani. Ki zauna da maigidanki ku tambayi kanku abin da sani zai amfane ku da shi, domin babu gwajin da yake dole a cikin waɗannan. Ga iyaye da yawa amfaninsa shiri ne: kusan rabin jarirai masu lalurar Down suna zuwa da matsalar zuciya, kuma sanin haka tun da wuri yana sa a zaɓi haihuwa a inda akwai likitocin jarirai da na zuciya. Tiyatar zuciya da kulawa ta gari ne suka sa a ƙasashen da ake samun su masu lalurar suke kaiwa kusan shekara 60 a yau.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗanmu na biyu yana da lalurar Down, kuma matata ta ɗora wa kanta laifi, tana cewa wani magani ne da ta sha kafin ta san tana da ciki. Shekarunta 26 a lokacin. Yanzu muna son ƙarin haihuwa amma tsoro ya hana mu. Daga wani magidanci.

Amsa: Malam, ka gaya mata da babbar murya cewa ba maganin ba ne, ba abinci ba ne, ba aikin wahala ba ne. A kusan kashi 95 cikin 100 na masu lalurar, abin yana faruwa ne lokacin da ƙwan mace ko ƙwayar maniyyi ke rabon kuromosom ɗinsu, inda biyun nan na 21 suke ƙin rabuwa su tafi tare, kuma wannan ya riga ya auku tun kafin cikin ya shiga. Ƙuruciyarta ba abin mamaki ba ce, domin da yake mata masu ƙananan shekaru sun fi yawan haihuwa, su ne iyayen yara da dama masu lalurar.

Game da ciki na gaba, abin da ya kamata ku nema shi ne takardar gwajin kuromosom na yaron, in kuma ba a taɓa yi masa ba a yi. Idan irin na gama-gari ne, yiwuwar maimaituwa tana kusan 1 cikin 100, har sai shekarun uwa sun kai inda lissafin shekaru ya zarce haka. Amma a kusan kashi 3 zuwa 4 cikin 100, ƙarin kuromosom ɗin yana manne ne a jikin wani, galibi na 14, kuma a wasu daga cikin irin waɗannan ɗaya daga iyayen ne yake ɗauke da mannen cikin ƙoshin lafiya bai sani ba. A nan yiwuwar ta fi girma, musamman idan uwa ce mai ɗauke da shi, kuma sai an gwada jininku ku biyu. Matarka ta fara shan folik asid, maikirogiram 400 kullum, tun kafin ta ɗauki ciki, sai dai ku sani cewa aikinsa kare laka da ƙwaƙwalwar jariri ne daga naƙasa, ba ya hana ƙarin kuromosom.

Tambaya: Ban fara awo ba sai da cikina ya kai mako 17. Shin na makara ke nan? Kuma ƙawata ta yi NIPT aka ce mata "babu sakamako", shin alamar matsala ce?

Amsa: Awon ƙeya kam ya wuce ki, amma akwai gwajin jini mai auna sinadarai huɗu da ake yi har zuwa mako na 20, wanda ke gano kusan kashi 80 cikin 100 na masu lalurar Down, kuma NIPT ba shi da ranar rufewa. Kada ki bari babban sikanin na mako 18 zuwa 22 ya kuɓuce miki, domin shi ne ke duba ƙwaƙwalwa da laka da zuciya da ƙoda, abubuwan da gwajin kuromosom ba ya cewa komai a kansu.

Ita kuwa ƙawarki, yawanci dalilin shi ne rabon DNA na mabiyiya a jininta bai kai yadda na'ura ke buƙata ba, wato kusan kashi 4 cikin 100 a yawancin ɗakunan gwaji. Hakan ya fi faruwa idan an ɗebi jinin da wuri ko kuma mace tana da ƙiba, kuma sau da yawa sake ɗiba bayan mako ɗaya ko biyu yana warware matsalar. Idan ya sake fitowa haka, kada ta ɗauke shi a matsayin "lafiya lau", domin ƙarancin wannan rabo yana da ɗan alaƙa da lalurorin Edwards da Patau. Ta nemi a yi mata sikanin na ƙwaƙƙwafi, sannan ta tattauna da likitanta kan gwajin ruwan faya.