Tambaya da Amsa: Wace irin saba (babbar kwamfuta) ce za ta ɗauki aikin sa ido kan netiwok ɗin kwastomomina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ɗan kamfani muna kula wa mutane da netiwok, makarantu, asibiti ɗaya, otal da ofisoshi, wuri 12 gaba ɗaya. Suwic (akwatin da ake jona wayoyin netiwok) 40 ne masu kafa 24, sai rauta na MikroTik da na'urorin wayafai da sabobi kamar 30. Yanzu sai kwastoma ya bugo yana faɗa sannan muke sanin abu ya mutu. Ina so in kafa Zabbix, manhajar sa ido kan netiwok, wani abokina ya ce tsohuwar laftof ma ta isa tunda na'urori 70 ne kawai. Haka ne? Daga wani mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Abokinka ya ƙirga abin da ba shi ake ƙirgawa ba. Zabbix ba ruwansa da yawan akwatunan da ke rataye a bango, abin da ke ba shi wahala shi ne abu nawa yake tambaya a kowace na'ura, kuma sau nawa yake tambaya.

Zo mu yi lissafin tare. Suwic 40 sau kafa 24, kafa 960 ke nan, kowace kafa a ce kana duba abu 5, data mai shiga, mai fita, kurakurai ta ɓangare biyu, da ko tana kunne ko ta mutu, ka ga 4,800 tun ba a je ko'ina ba. Sauran 30 ɗin a ba kowanne abu 40, zafi, memori, faifai da sauransu, 1,200. Jimla 6,000. In kana tambaya duk minti ɗaya, amsa 100 ce ke faɗowa cikin databes, wato rumbun ajiyar bayanai, duk sakan ɗaya, a wuni miliyan 8 da dubu 640, kuma takardun Zabbix da kansu suna ƙiyasta kowace amsa kusan bayit 90, to wajen 780MB a rana, wata ɗaya 23GB, wata uku sun kai 70GB. Laftof mai tsohon faifai za ta fara da kyau wallahi, sati biyu uku kana murna, daga nan jadawali ya fara tsinkewa kana buɗe shafi yana juyawa, don rubutun da ake yi wa faifan ba ya tsayawa dare da rana.

Abin da Zabbix suka ba da shawara ga mai abubuwa har 10,000 shi ne furosesa mai ƙwaƙwalwa 4 da RAM 16GB. Wannan ka nema, faifan kuma dole SSD, wato irin mai saurin nan, 250GB zuwa sama don kwastomomi za su ƙaru in Allah ya yarda. Nan ne ba na son ka yi rowa.

Amma kafin ka kashe kuɗi rage tambayar tukuna. Kafar da firinta ke jone ba ta buƙatar a leƙa ta duk minti, wadda ba komai a jikinta ma a cire ta kwata-kwata. Ka bar minti ɗaya ga rauta da layin da ke haɗa suwic da suwic da sabar asibiti, sauran minti 5. Da duka za ka mayar minti 5, amsa 100 ɗin nan sai ta koma 20. Cikakken tarihi ajiye na kwana 14 ko 30 ya isa, bayan nan Zabbix yana riƙe taƙaitawar kowace awa, mafi ƙasa, mafi sama da matsakaici, ita kuma a lissafinka ba ta kai 5GB a shekara ba, da ita za ka nuna wa mai otal cewa layinsa ya cike tun watanni.

Sai batun wuta da sabis, wanda a wurinmu shi ne babba. Kada ka ce daga ofis za ka riƙa jan bayanan wuri 12 ta intanet da SNMP, wato hanyar da ake tambayar na'urori halin da suke ciki, sabis na yankewa ka rasa bayanan lokacin. Sa firoksi na Zabbix a manyan wuraren, ƙaramar kwamfuta ta isa, ita ke tattarawa ta riƙe, layi ya dawo ta turo, kuma in ka saita ta ita ke kiran saba ta fot 10051 ba sai ka huda garkuwar tsaron netiwok ɗin kwastoma ba. Ka jona ta a inbata. Babbar sabar ma haka, ko ka yi hayar ta a intanet, don in ta mutu tare da wutar unguwa ba wanda zai gaya maka. Ka kuma rataya ƙararrawar suwic da wayafai a ƙarƙashin rautan wurin, in an ɗauke wuta saƙo ɗaya ya shigo maka maimakon hamsin, in ba haka ba yaranka za su daina karantawa. A asibitin nan kuma don Allah SNMP na 3 za ka yi amfani da shi mai ɓoye bayanai, na 2 kalmar sirrinsa a fili take tafiya.