Tambaya da Amsa: An Tafi da Mahaifinmu Saboda Bashin Ƙanena

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ƙanena ya ɗauki kaya bashi a kasuwa bai biya ba, mai kayan ya kai ƙara caji ofis. Da 'yan sanda ba su same shi ba sai suka tafi da mahaifinmu, wai sai yaron ya bayyana. Yau kwana uku ke nan, kuma ana neman kuɗin beli. Yaya za mu yi?
Wata mai karatu, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Wannan kamu ba ya kan doka. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama wani a madadin wanda ake zargi, ko da mahaifinsa ne. Sashe na 32 kuma ya hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Mai bin bashi kotu zai je.

Kwana ukun ma sun wuce ƙa'ida. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu.

Ku je yau tare da lauya, ku nemi ganin DPO, wato shugaban caji ofis ɗin, da kansa, kada ku tsaya kan ɗan sandan kanta. A rubuta takardar neman sakinsa, ku riƙe kwafi. Ki rubuta rana da lokacin da aka kama shi da sunan mai binciken. Beli a caji ofis kyauta ne.

Inda iyalai suka fi faɗawa rami shi ne takardar alkawari. Za a ce Baba ya sa hannu cewa zai biya, a sake shi nan take. Da ya sa, bashin da bai ci ba ya hau kansa, kuma da wannan takarda za a sake kiransa. Yana da 'yancin yin shiru har lauyansa ya zo. Sau da yawa kuma ana sauya wa bashi suna a kira shi zamba cikin aminci. Ko da zargin ya tabbata, ƙaninki ya shafa, shi ya kamata lauya ya raka ya amsa.

Idan DPO ya ƙi, ku kai koke ga Kwamishinan 'Yan Sandan jiha, lauya kuma ya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, wadda za ta iya ba da umarnin saki da diyya. In babu kuɗin lauya, ku je Legal Aid Council, hukumar gwamnati da ke ba marasa hali lauya kyauta.