Karnukan haɗi a Legas: amsa ga Kawu a Funtuwa

Assalamu alaikum Kawu. Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Kun tambaya game da karnukan nan masu nannaɗaɗɗen gashi da ake yawo da hotunansu a waya, waɗanda aka ce ana sayar da kwikwiyo ɗaya kan dubu ɗaruruwa, ko da gaske namu na Legas sun shiga harkar, kuma me malamanmu na nan suke cewa.

Abin da za ku fara sani shi ne, Bahaushen Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 bai sauya ra'ayi kan kare ba don ya zauna a Kudu. Ba ya sa shi a ɗaki, ba ya kwana da shi. Abin da ya sauya shi ne aiki. Da yawa daga cikin masu gadi a Lekki da Ikoyi da Magodo namu ne, kuma gidan da yake da kare, maigadi ne ke ba shi abinci, ya wanke kejinsa, ya sake shi da dare. Ta wannan ƙofa wasu suka san kare ciki da bai, wasu suka zama dillalai, kaɗan kuma suka fara kiwo. Yawancin abin da suke riƙewa karnukan gadi ne: Boerboel na Afirka ta Kudu, Rottweiler, Alsatian, Caucasian. Ƙananan na ado, irin su Lhasa da wanda ake kira Eskimo, da na haɗin da kuka gani, masu gida ne ke sayensu don yara.

Karen haɗi shi ne wanda aka ɗauko uba daga wani sanannen iri, uwa daga wani, aka yi barbara da gangan, sannan aka haɗa sunayen biyu aka raɗa masa. Labrador da Poodle su ba da Labradoodle, Cocker Spaniel da Poodle su ba da Cockapoo, Husky da Pomeranian su ba da Pomsky. Wanda ya yayata sunan Labradoodle wani ne Wally Conron, ma'aikacin ƙungiyar horar da karnukan jagoran makafi a Ostareliya, a 1989. Wata makauniya ce a Hawayi take buƙatar kare, amma jikin mijinta ba ya ɗaukar gashin kare. A cikin 'ya'ya uku da aka haifa, ɗaya ne kawai ya dace. A 2019 mutumin ya fito fili ya ce yana nadamar abin da ya fara, saboda yadda masu neman kuɗi suka ɗauki abin suka yi ta haɗawa ba bincike.

Haɗa iri kansa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mai kiwon tumaki ya san idan ya sa ragon Balami kan 'Yankasa zai sami 'ya'ya masu girman jiki, amma ya kuma san idan ya bar 'ya'yan nan suka yi barbara da juna, jikokin za su fito kowa da kamarsa. Haka kare yake. Haihuwar farko tsakanin Labrador da Poodle takan zo da ɗan kama da juna. Idan aka haɗa biyu daga cikin irin wannan haihuwa, kusan ɗaya cikin huɗu zai fito da gashin Labrador sak, mai zuba a ko'ina. Shi ya sa masu kiwo suke komawa su haɗa da Poodle zalla don gashin ya nannaɗe. Don haka duk dillalin da ya rantse muku cewa kwikwiyon da ke hannunsa ba zai zubar da gashi ba, ko ba zai tayar wa mai asma ciwonsa ba, ya faɗi abin da ba ya da iko a kai. Abin da ke tayar da atishawa da ƙaiƙayi yana cikin yawun kare da ɓarɓashin fatarsa, ba a tsawon gashi ba.

Akwai kuma maganar cewa karen haɗi ya fi lafiya. Kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College a Landan ta fitar da bincike a 2024 kan Labradoodle da Cockapoo da Cavapoo (haɗin Cavalier da Poodle), ta gano cewa a mafi yawan cututtukan da aka saba gani, ba su da bambanci da irin iyayensu. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. Akwai ciwon ido na gado mai makantar da kare a hankali, kuma Poodle da Labrador da Cocker duk suna ɗauke da shi. Idan uba da uwa kowanne yana ɗauke da shi a ɓoye, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai kamu, ko da irinsu daban. Gocewar ƙashin kwankwaso a manyan karnuka ma ana gadonta. Akwai kuma launin dabbare-dabbare da ake kira merle, wanda yake ƙara wa kwikwiyo tsada. Idan aka haɗa masu wannan launi biyu, kashi ɗaya cikin huɗu sukan fito kusan farare, da yawansu kurame ko makafi.

To ga inda malamai suke shigowa. Kun san hadisin da ya ce wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba, ladansa na raguwa kullum, da kuma hadisin Abu Mas'ud al-Ansari da ya hana cin kuɗin kare. A Risala, Ibn Abi Zaid ya kawo hanin, ya kuma ce an yi saɓani kan sayar da wanda aka yi izinin ajiyewa. Sahnun, babban malamin Malikiyya, na cikin waɗanda suka halatta, Hanafawa ma sun halatta. Malaman baya sun shigar da karen gadin gida cikin wanda aka yi izini idan akwai tsoron ɓarayi, kuma a kan wannan masu gadi da masu kiwon Boerboel suke dogara. A mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ana dai wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai don bin umarni. Wannan ya sauƙaƙa wa maigadi sosai, ko da yake mafi yawansu suna ware rigar aikin kare daban da ta sallah. Amma karen ado, wanda ba ya gadi ba ya farauta, ban ga ta inda zai shiga wannan rangwame ba, kuma abin da za ku ji ke nan a yawancin majalisun karatu a nan. Mai kula da shi a gidan ubangidansa ana kallonsa a matsayin ɗan ƙwadago. Mai kiwonsa don sayarwa kuwa, ana ɗaga masa gira.

A ganina, ko da an ajiye batun kuɗin a gefe, abin da ya fi nauyi shi ne yadda ake yi da karyar. Karya tana neman namiji kusan duk wata shida, cikinta kwana 63 ne. Mai haɗama yana sa ta tun zuwan farko, tana wata bakwai ko takwas, ƙashinta bai gama ƙwari ba, sannan ya maimaita duk zagaye har ta rame, nonon ya zube, haƙarƙari ya fito. Daidai shi ne a jira ta kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, a riƙa tsallake zagaye. Ƙungiyar masu kiwon kare ta Ingila ba ta yi wa karya rajistar haihuwa fiye da huɗu a rayuwarta. Mafi muni shi ne a sa babban namiji kan ƙaramar karya don a sami wani sabon suna. Kan ɗan ya fi ƙarfin ƙugunta, sai ya maƙale. Alamomin da ke cewa a garzaya wurin likitan dabbobi: ta yi minti 30 tana yunƙuri da ƙarfi ba abin da ya fito, ko an wuce awa biyu tsakanin ɗa da ɗa, ko koren ruwa ya fito kafin ɗan fari. Tiyata tana da tsada, mai kiwon da bai tanadi kuɗinta ba tun kafin barbara ya riga ya yanke wa karyar hukunci. Irin masu ɗan guntun hanci kuwa, kamar Bulldog, yawancin haihuwarsu sai da wuƙa, numfashi ma da kyar suke yi, har ƙasar Holan ta hana kiwon waɗanda hancinsu ya gajarta fiye da kima.

Sai kwikwiyon. Ƙa'ida ita ce kada ya bar uwarsa kafin sati takwas. Maganin tsutsar ciki ana farawa yana sati biyu, a maimaita duk sati biyu har ya kai wata uku. Allurar rigakafi ta farko tsakanin sati shida zuwa takwas, a maimaita duk sati uku ko huɗu har sati 16, ta haukan kare kuma a wata uku, sannan a riƙa sabuntawa. Wanda ake tallarsa a bakin titi cikin keji yana sati biyar, shi ne wanda bayan kwana huɗu a sabon gida zai ƙi abinci, ya fara amai da zawon jini mai wari. Wannan ita ce cutar fabo (parvo), kuma ƙwayar cutar tana zama wata da watanni a ƙasar gida. Sai an wanke da bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi 30, kafin a kawo wani. Katin rigakafi ma a duba shi da kyau: a ga tambarin da aka ɓamɓaro daga jikin kwalbar an manna, da kwanan wata, da hatimin likita. Allurar da ba ta zauna cikin sanyi ba, a garin da wuta ke ɗaukewa, ruwa ce kawai.

Yanayin Legas ma ba ya raga wa mai gashi. Zafi da laima sukan sa gashin ya dunƙule ya manne da fata, a ƙarƙashinsa kaska ta ɓuya, ita kuma ke kawo zazzaɓin da ke shanye jini har dasashi ya yi fari. Sai an taje shi har fata sau uku ko huɗu a mako, a yi aski duk sati shida zuwa takwas, a busar da cikin kunne bayan wanka. Idan yana kwanciya kan yashi mai danshin fitsari, ƙudan mangwaro zai yi ƙwai a wurin, tsutsa ta shiga fata, ka ga ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya. Husky da 'ya'yansa na haɗi an halicce su don ƙanƙara, tafiyar azahar kaɗai na iya kashe su. Abin da aka fi gargaɗin sabon maigadi a kai shi ne kada ya ba kare ragowar miya mai albasa, kada kuma ya ba shi farasitamol don ya ga jikinsa da zafi. Duka biyun guba ne gare shi.

Idan wani a gida yana tunanin shiga wannan sana'a, Kawu, ku ce masa ya fara da tambayar malaminsa kan irin karen da zai riƙe. Idan na gadi ne, kada ya saya sai ya je ya ga uwar da idonsa tana shayarwa, ya ga inda take kwana, ya tambayi shekarunta da haihuwa nawa ta yi, a kuma rubuta cewa likita zai duba kwikwiyon cikin kwana uku kafin ciniki ya faɗa. Dillalin da ya ce uwar tana wani gari, sai dai a haɗu a gidan mai a karɓi kaya, a bar masa abinsa.

A gaida su Inna da yara.