Filin Tambaya da Amsa: Rigimar Motar Lantarki

Wasiƙun da suka iso mana a wannan karo kusan duk a kan motar lantarki suka taru. Mun zaɓi biyar, masana wuta da harkar motoci na wannan fili suka amsa.

Tambaya: Mota ce dai, wanda ya so ya saya, wanda bai so ba ya bari. To me ya kawo jam'iyyu da shugabannin ƙasa cikin zancen, har ake yaƙin neman zaɓe da ita a Amurka? Daga malamin makaranta, Zariya.

Amsa: Malam, da kasuwa aka bar wa zancen da babu wanda zai ji kansu. Gwamnatoci ne suka shiga da doka da kuɗi, kuma duk inda waɗannan biyu suka shiga siyasa na biye. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar cewa daga 2035 sabuwar ƙaramar motar da za a sayar dole ta zama ba ta fitar da hayaƙi. Jamus ta tsaya kai da fata a ƙarshen tattaunawar sai da aka yi mata alƙawarin barin ƙofa ga motocin da za su sha man da ake haɗawa a masana'anta. A Birtaniya firaminista Boris Johnson ya sa wa'adin 2030, firaminista Rishi Sunak ya ɗaga shi zuwa 2035 a watan Satumban 2023, gwamnatin Leba da ta biyo baya ta maido da 2030. Mai kamfanin da yake buƙatar shekara biyar kafin ya fito da sabuwar mota, da wane wa'adi zai yi lissafi?

A Amurka abin ya fi zafi. Dokar da Joe Biden ya sa wa hannu a 2022 ta ba mai sayen motar lantarki rangwamen haraji har dala 7,500. Donald Trump ya yi ta sukar tsarin a lokacin yaƙin neman zaɓe, yana cewa tilasta wa mutane ake yi, kuma dokar da ya sa wa hannu a Yulin 2025 ta kashe rangwamen daga ƙarshen Satumban shekarar. Izinin da jihar Kalifoniya take da shi na hana sayar da sababbin motocin fetur zalla daga 2035, shi ma majalisar dokokin Amurka ta soke shi.

A ƙarƙashin wannan duka akwai aikin yi. Injin fetur da giyarsa sassa ne ɗaruruwa, kowane da masana'antar da ke ƙera shi da garin da ke ci daga gare ta. Motar lantarki ba ta da fistin, ba ta da salansa, ba ta da famfon mai. Kuɗinta a batir yake. Batir kuwa Chaina ce ke riƙe da shi: sama da kashi 70 cikin ɗari na batiran duniya can ake yin su, kamfanonin CATL da BYD ne kan gaba. Shi ya sa Biden ɗin da ke tallata motar lantarki shi ne kuma ya ɗora wa ta Chaina kuɗin fito kashi 100 cikin ɗari a 2024, Tarayyar Turai ma ta ƙara nata a Oktoban shekarar, na wasu kamfanoni har ya haura kashi 35 a kan goman da ake biya tun da. Ma'aikacin Volkswagen da ya ji an amince a rage guraben aiki 35,000 a Jamus kafin 2030, in ya je rumfar zaɓe ba zancen sauyin yanayi ne a ransa ba.

Sai baitulmali. A Turai kaso mai tsoka na kuɗin kowace litar mai haraji ne, mai motar lantarki kuwa ba ya zuwa gidan mai. Birtaniya ta fara karɓar harajin hanya daga masu motocin lantarki a Afrilun 2025, bayan shekaru suna tafiya kyauta. Akwai kuma ƙorafin da a ganinmu yake da gaskiya a cikinsa: tallafin sayen motar lantarki ya fi faɗawa hannun mai hali, wanda yake da garejin kansa da zai yi caji cikin dare, alhali da harajin kowa aka biya. Amma in aka janye shi farat ɗaya kasuwa na girgiza. Jamus ta yi haka a Disamban 2023, cinikin motocin lantarki ya faɗi da sama da kashi ɗaya cikin huɗu a shekarar da ta biyo.

Tambaya: Na ji ana cewa yaudara ce, wai hayaƙin ne kawai aka ɗauke daga salansa aka mayar tashar wuta. Gaskiya ne? Daga ɗalibar kimiyya, Sakkwato.

Amsa: Malama, ɗauki alƙalami. Litar fetur ɗaya in ta ƙone tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 ta fitar da kilo 18 da ɗoriya ke nan. Motar lantarki mai girma iri ɗaya tana cin yunit 15 zuwa 18 a wannan tafiya, in aka haɗa da asarar da ake yi wajen caji a ce yunit 20. Yunit ɗin nan shi ne dai wanda kike saye a mitar gida. In da kwal zalla aka samar da wutar, kowane yunit na ɗauke da kusan kilo ɗaya, sai ki ga an tashi kunnen doki. In da iskar gas ne, kusan rabin haka. In da ruwa ko rana ne, abin da ya rage kaɗan ne ƙwarai. Wutar Najeriya galibinta daga gas take, ragowar daga madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru, don haka a kan layin gwamnati motar lantarki ce ke da rinjaye.

Masu sukar suna da gaskiya a wuri ɗaya: ƙera batir na fitar da hayaƙi mai yawa, saboda haka motar lantarki da bashi take fitowa daga masana'anta, sai ta yi tafiyar dubban kilomitoci kafin ta biya shi. Suna kuma da gaskiya a kan ma'adinin kobalt, wanda kusan kashi 70 cikin ɗari daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, ciki har da ramukan da ake haƙa da hannu cikin mummunan yanayi. Sai dai batirin da ake kira LFP, wanda ya cika motocin Chaina masu sauƙin kuɗi, babu kobalt ko nikel a cikinsa.

Tambaya: Habasha ta hana shigo da motocin fetur. Me zai hana Najeriya ta yi haka mu huta da tsadar mai? Daga ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano.

Amsa: Alhaji, wuta ce za ta hana. Habasha ta ɗauki matakin a farkon 2024 saboda ba ta haƙo mai, da dala take sayensa, ga kuma babbar madatsar da ta gina a kan kogin Nilu mai ƙarfin megawat sama da 5,000. Madatsar nan ita kaɗai ta kai abin da layin Najeriya gaba ɗaya yake rabawa a yawancin ranaku. Norwe, inda kusan kashi 89 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a 2024 na lantarki ne, ba ta fara da hani ba. Ta yafe musu haraji shekaru da yawa, ta tsawwala wa na fetur, wutarta kuma ta ruwa ce. Abin mamaki, ita ma mai sayar da ɗanyen mai ce.

A nan gida tun da aka cire tallafin mai a 29 ga Mayun 2023 gwamnatin tarayya ta fi karkata ga mayar da motoci su koma amfani da gas, duk da cewa ta cire wa motocin lantarki harajin sayen kaya a 2024. Akwai ƙananan yunƙuri: hukumar kula da ƙera motoci ta ƙasa, lokacin da Jelani Aliyu ke shugabancinta, ta kafa wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, gwamnatin Borno kuma ta zuba motocin haya na lantarki a Maiduguri. Mu a namu ra'ayin ta nan ya kamata a bi: bas, Adaidaita Sahu da babur, masu zagaye cikin gari su dawo tasha ɗaya su yi caji ko su musanya batir. Su ne suka fi shan mai, su ne kuma lissafin ya fi saurin biya.

Tambaya: Ina tunanin sayen ɗaya. Unguwarmu ana samun wuta awa goma ko ƙasa da haka, ina da janareta. Zan iya riƙe ta? Daga ma'aikaciyar banki, Kaduna.

Amsa: Hajiya, fara da ƙirga tafiyarki ta yini. In kilomita 40 ce, yunit 8 kike buƙata kullum. Cajar da ke zuwa da mota, wadda ake sawa a soket na gida, tana jan amfiya 10, wato kilowat 2.3, don haka awa uku da rabi zuwa huɗu sun ishe ki. Wutar awa goma ta wadatar, muddin tana zuwa lokacin da motar take gida. Amma cika batir mai yunit 60 daga kashi 20 zuwa 80 da wannan caja zai ci kusan awa 17. Mai son sauri sai ya sa cajar bango mai kilowat 7, ta gama cikin kamar awa shida. Ita kuma tana jan amfiya 32, tana buƙatar layinta daban daga allon rarraba wuta, waya mai kaurin murabba'in milimita 6, abin katse wuta nata na kanta, da na'urar da ke yankewa in wuta ta zurare. A tabbatar mitar gidan da wayar da ta shigo daga fal za su ɗauka kafin a saya.

Abubuwa uku ne suka fi kawo matsala a gidajenmu. Na farko wayar ƙasa: gidaje da yawa ba a binne musu sandar tagulla ba, ko an binne ta ta yi tsatsa, kuma motoci da dama in ba su ji wayar ƙasa ba sam ba za su karɓi caji ba. Na biyu raunin wuta. In ta sauka sosai da yamma caja na yankewa, in kuma ta dawo da ƙarfi tana iya ƙona cajar da ke cikin motar, wadda gyaranta ba arha ba, saboda haka a sa abin kariya daga hawa da saukar wuta. Na uku soket da wayar jonawa na kasuwa. An yi su ne don fanka da talabijin, in suka ɗauki amfiya 10 awa huɗu a jere sukan yi zafi su narke. A taɓa fulogin bayan rabin awa, in ya yi zafin da hannu ba zai jure ba a cire.

Batun janareta kuwa, a ajiye shi don ranar larura. Ƙaramin janareta na fetur yunit biyu ko ƙasa da haka yake bayarwa a kowace lita, wato lita goma ke nan don tafiyar kilomita 100, alhali motar fetur da lita 8 za ta yi ta. An kashe kuɗin motar lantarki an dawo ana shan mai fiye da da. Sola ta fi: faranti mai wat 500 a arewa yana ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a yini, huɗu ko biyar sun ɗauke tafiyarki, amma motar da ke ofis da rana ba ta amfana sai da batirin ajiya a gida, shi kuma kuɗi ne na daban. A lokacin hunturu a riƙa goge ƙura, tana rage abin da faranti ke bayarwa sosai.

Ga kuɗin: ko a kan farashin rukunin A, wato masu biyan kuɗin wuta mafi tsada, naira 225 kowane yunit da aka sa a Afrilun 2024, yunit 20 naira 4,500 ne. In aka ɗauki lita a naira 900, lita 8 naira 7,200 ce. Tafiyar Kaduna zuwa Kano, kilomita 230 ko kusa da haka, mota mai batirin yunit 60 za ta kai in ta tashi a cike, sai dai gudu da sanyaya ɗaki na cin batir, kuma sai kin san inda za ki yi caji kafin ki juyo.

Tambaya: Mu makanikai ina makomarmu? Kuma in an kawo mana 'yar Kwatano ta lantarki a ce mu duba kafin a saya, me za mu duba? Daga makaniki, Maraɗi.

Amsa: Maigida, juyen baƙin mai, fulogi, kuloci da salansa babu su a wannan mota, birki ma yana daɗewa saboda injin ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Amma ƙafa, taya, sitiyari da na'urar sanyi suna nan, tayar ma ta fi saurin cinyewa saboda nauyin batir. Aikin zai ƙara komawa hannun mai rewaya da ya iya na'urar bincike.

In an kawo ta, lafiyar batir za a fara karantawa da na'ura, kada a dogara da kilomitocin da allo ke nunawa. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan cewa batir ba zai sauka ƙasa da kashi 70 ba. Wadda ta kusa wannan iyaka a rage mata kuɗi sosai ko a bar ta. A tambaya ko batirin da ruwa ake sanyaya shi. Nissan Leaf ta da ba ta da wannan tsari, kuma zafi irin na Maraɗi a watan Afrilu yana tsufar da batirinta da wuri. A duba bakin caji, domin na Chaina daban, na Turai daban, na Amurka da na Japan ma daban, kuma mahaɗin cajin gaggawa yana da tsada. A ɗaga ta a leƙa ƙasa: lotsawa a kwandon batir ko alamar laka a cikin mahaɗai na nufin ta daki dutse ko ta sha ambaliya, irin wannan kuwa tana iya kamawa da wuta makonni bayan nan. In ta ƙi tashi kwatakwata, a fara gwada ƙaramin batir mai bolt 12, shi ne yake kunna babban, kuma shi ya fi yawan mutuwa.

Duk wayar da ka gani mai launin lemo tana ɗauke da bolt 400, wasu motocin har 800. Kada yaron gareji ya kusance ta. Ana kashe mota, a cire makulli nesa, a cire ƙaramin batir, a zare makatsar babban batir da safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000, a jira mintunan da littafin motar ya faɗa, sannan a auna da mita a tabbatar babu wuta kafin a sa sifana.