Ba kasuwa ce ta karya maka gwiwa ba, rashin littafi ne

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan masarufi a Kuseri, arewacin Kamaru, ya aiko da tambaya. Ya ce tun da Najeriya ta cire tallafin man fetur a 2023 kuɗin dako ya hau, ambaliyar 2024 kuma ta zo ta ƙarasa abin da ya rage. Zuciyarsa ta mutu, har ba ya son fita kasuwa; ƙanen matarsa ke zaman shagon. Yanzu yana tunanin sayar da kayan ya tafi haƙar zinariya a arewacin Chadi. Yana so in gaya masa abin da zai ƙarfafa masa gwiwa.

Malam, Allah ya kawo sauƙi. Wahalar da ka ambata gaskiya ce, kuma ta shafi kowa daga Marwa har gadar Ngeli ta kan iyakar Chadi. Amma na bi wasiƙarka daga farko har ƙarshe ban ga adadi ko ɗaya ba. Nawa ne jarinka yau? Nawa ake bin ka, nawa kake bin mutane? Ka ce “kamar ana asara”. Ɗan kasuwa ba ya cewa kamar. Ka miƙa wa surukinka makulli babu littafi, ka koma gida kana jiran labari, dole zuciya ta karaya, don kana tafiya ne cikin duhu ba ka san inda rami yake ba.

Ban ce yaron ɓarawo ne ba. Wataƙila ya fi ka tsoron Allah. Amma kunya ba za ta bar shi ya hana ’yar’uwarsa shinkafa ba, ko ya ƙi bai wa maƙwabci sukari bashi. Idan sefa 2,000 kawai ke zurarewa kullum ta wannan hanya, 60,000 ke nan a wata, 720,000 a shekara. Ƙaramin shago nawa ne ke cin ribar da za ta toshe wannan?

Lokacin da rikicin Boko Haram ya rufe hanyar garin Banki na kan iyakar Najeriya da Kamaru wajen 2014, na san wani mai atamfa a Marwa da ya yi irin naka sak. Ya daina zuwa, ya bar wa ɗan wansa rumfa, yana cewa babu ciniki. Ciniki kuwa akwai, ya dai ragu ne. Ranar da ya dawo ƙirga kaya, rabin jarin ya zama bashi a hannun mutanen da ba wanda ya rubuta sunansu. Ya rasa rumfar, zumuncin ma ya lalace, wanda a ganina ya fi asarar kuɗin ciwo.

Maganar zinariya kuwa, ka bar ta. A watan Mayun 2022 mutum kusan 100 suka mutu a faɗan masu haƙa a Kuri Bugudi da ke arewacin Chadi. Labarin wanda ya dawo da mota kake ji. Waɗanda suka dawo da bashi ba sa zama a majalisa su ba da nasu.

Gobe bayan asuba ka karɓi makullinka. Ka rufe shagon yini ɗaya, ka ƙirga komai har ashana, da farashin sari ba na sayarwa ba. Ka rubuta sunan duk wanda kake bi. Kuɗin cefane ka yanka masa adadi, gidanka ya riƙa saye kamar kowa. Surukinka in zai zauna, a sa masa albashi a gaban shaida, cinikin yini kuma ya shiga asusun wayarka na Orange Money kafin magariba. Kayan da suka yi wata uku a kanta, karya farashi ka fitar.

Mai yiwuwa lissafin ya nuna jarin ya koma rabi. Sai ka rage layin kaya, ka tsaya kan shinkafa, mai da sabulu da ke juyawa kowane mako. Bayan kwana 30 ka aiko min da shafukan littafin, mu duba ko shagon zai ɗauki haya da albashin yaron tare.